Haƙƙin Tsofaffin Ɗalibai a Kan Ƙungiyarsu a Lokacin Annoba

A jami'o'in Amurka akwai wasu ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na ɗalibai da ake raɗa wa suna da haruffan Girkanci biyu ko uku, waɗanda matashi ke shiga ta hanyar rantsuwa bisa sharaɗin cewa zumuncin da ya ƙulla zai zarce ranar karɓar takardar kammala karatu, ya ci gaba har ƙarshen rayuwa. Ta farko a cikinsu, wato Phi Beta Kappa, an kafa ta a shekarar 1776 a Kwalejin William da Mary ta jihar Virginia, amma daga 1825, lokacin da aka kafa Kappa Alpha a Kwalejin Union ta jihar New York, tsarin ya fara ɗaukar siffar da aka san shi da ita a yau, inda kowace ƙungiya ke da rassa a jami'o'i daban-daban, da gidajen da mambobi ke kwana a ciki, da hedikwata ta ƙasa, da kuma ɗimbin tsofaffin mambobi da suka bar makaranta suka watsu cikin duniya. Mai karatu a Nijeriya zai iya tunawa da ƙungiyar Pyrates da Wole Soyinka da abokansa suka kafa a Ibadan a 1952, da kuma ƙungiyoyin asirin da suka ɓulla daga baya suka addabi jami'o'i, sai dai na Amurka ƙungiyoyi ne masu rajista da ke aiki a fili ƙarƙashin idon hukumomin makaranta, duk da cewa su ma suna da nasu munanan tabo.

Ranar 11 ga Maris, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar korona a matsayin annobar da ta game duniya, kuma cikin 'yan kwanaki jami'o'in Amurka suka sallami ɗalibai suka mayar da karatu ta intanet. Duk abin da ke haɗa tsohon mamba da ƙungiyarsa ya tsaya cik: bikin komawa makaranta da ake yi kowace kaka a ranar wasan ƙwallo, da liyafar tunawa da waɗanda suka kafa ƙungiya, da babban taron ƙasa, har da rakiyar gawa. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, ga shi kuwa annoba ta ɗaure ƙafar kowa, saboda haka sai rantsuwar da aka yi shekaru ana alfahari da ita ta shiga jarrabawar da ba ta taɓa fuskanta ba a zamanin waɗanda ke raye.

Matsayin da ya dace a ɗauka a kan wannan lamari shi ne cewa sada tsofaffin mambobi da juna da sanar da su halin da ake ciki a irin wannan lokaci bashi ne a wuyan shugabannin ƙungiya, kuma ana biyan sa ne ta hanyoyi biyu, wato neman mutumin da ya fi wuyar samu da faɗa masa gaskiya ko da tana da ɗaci. Ƙungiyar da ta kasa waɗannan biyun ta saɓa alkawari, komai yawan saƙonnin da ta aika.

Batun wanda ya fi wuyar samu shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan ne yaudarar kai ta fi sauƙi. Manhajar Zoom, wadda ke ba mutane damar yin taro suna ganin fuskokin juna ta kwamfuta ko waya, ta tashi daga kusan masu halartar taro miliyan 10 a rana a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020, kuma matasan da suka bar jami'a shekaru biyar ko goma da suka wuce sun rungume ta ba tare da wahala ba, har shugaban reshe zai iya duban fuskoki talatin a allonsa ya ɗauka cewa ya sauke nauyi. Amma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa kusan takwas cikin kowane mutum goma da korona ta kashe a ƙasar 'yan shekara 65 ne zuwa sama, ma'ana mutanen da cutar ta fi yi wa barazana, waɗanda aka fi tsananta wa zaman kulle, kuma wasunsu ke gidajen kula da tsofaffi inda aka hana ko 'ya'yansu shiga, su ne kuma suka fi ƙarancin sabawa da waɗannan na'urori. Dattijon da ya yi rantsuwarsa a 1958 yana da haƙƙi daidai da na wanda ya yi tasa a 2015, kuma hanyar kai wa gare shi tsohuwar hanya ce: a ɗauki waya a kira shi da sunansa, ko a rubuta masa wasiƙa a kan takarda. Wannan aiki ne mai cin lokaci da ba ya fitowa a hoto, kuma yana tona asirin sakacin shekaru, domin kafin a kira mutum sai an san inda yake, alhali rajistar mambobi a ƙungiyoyi irin waɗannan takan cika da adiresoshin da aka daɗe da tashi daga cikinsu da lambobin da suka mutu. Reshen da ya raba sunayen dattawansa ga matasa, kowa ya ɗauki goma ya riƙa tuntuɓarsu a kai a kai, ya yi abin da taro ɗari na intanet ba zai yi ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ba za a iya kauce mata ba. Gidajen rassa da yawa mallakin wasu kamfanoni ne da tsofaffin mambobi ke gudanarwa, kuma kuɗin hayar da ɗalibai ke biya shi ne ke riƙe da su, don haka da aka rufe makarantu sai kuɗin shiga ya yanke alhali bashin banki da haraji da inshora suna nan. Neman taimako a irin wannan hali ba laifi ba ne. Laifin yana wajen jeranta abubuwa, domin a watan Afrilun 2020 kaɗai Amurkawa fiye da miliyan 20 suka rasa aikinsu, rashin aikin yi ya kai kashi 14.7 cikin ɗari, kuma babu shakka cikin waɗanda ake aika wa takardar roƙo akwai masu neman abin da za su biya hayar nasu gidan. Mutumin da bai ji ɗuriyar ƙungiyarsa ba tsawon shekaru, sannan saƙon farko da ya iso masa a tsakiyar annoba ya zama na neman gudummawa, yana da dalilin ɗauka cewa aljihunsa aka tuna da shi. Tambayar lafiyarsa da ta iyalinsa ita ya kamata ta riga, kuma a bayanta a tambaye shi ko shi ne ke bukatar a taimaka masa, musamman da yake babban abin da waɗannan ƙungiyoyi ke tallata kansu da shi shi ne cewa ɗan'uwa na buɗe wa ɗan'uwa ƙofar aiki.

Faɗin gaskiya ya fi wannan nauyi, saboda labarin da ke fitowa daga gidajen ƙungiyoyin a 2020 ba mai daɗi ba ne. A bazarar shekarar, ɗalibai fiye da 100 da ke zaune a irin waɗannan gidaje a Jami'ar Washington da ke Seattle suka kamu da cutar, kuma a watan Agusta Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill ta mayar da darussa intanet mako guda kacal bayan buɗewa, sakamakon ɓarkewar cutar a ɗakunan kwana, ciki har da gidan wata ƙungiyar 'yan'uwantaka. Cunkoso a ɗaki ɗaya da shagulgulan dare su ne suka hura wutar. A daidai wannan lokaci, bayan kisan da ɗan sanda ya yi wa George Floyd, baƙar fata, a watan Mayu, ɗalibai a wasu jami'o'i irin su Vanderbilt suka fara ficewa daga ƙungiyoyinsu suna kiran a soke tsarin baki ɗaya bisa zargin wariyar launin fata da cin zarafin mata, sannan a farkon 2021 aka samu mutuwar sababbin shiga a jihohin Virginia da Ohio sanadiyyar tilasta musu shan barasa a lokacin shigar da su ƙungiya. Wasiƙar da za ta tsallake duk waɗannan ta cika shafukanta da hotunan tsohon zamani ta ci amanar mai karanta ta. Tsofaffin mambobi su ne masu gidan, su ne masu kuɗin, kuma su ne matasan ke jin kunyarsu, don haka idan an ɓoye musu abin da ke faruwa an hana su amfani da ikon da ke hannunsu na tsawatarwa da kafa doka a gidan da suka mallaka.

Ƙungiyoyin baƙar fata na Amurka sun shiga wannan jarrabawa da wani shiri da sauran ba su da irinsa. Alpha Phi Alpha, wadda aka kafa a Jami'ar Cornell a 1906, ta kuma samu mambobi irin su Martin Luther King da Thurgood Marshall, tana cikin ƙungiyoyi tara na maza da mata da ke ƙarƙashin majalisa ɗaya da aka kafa a 1930, kuma cikin taran akwai Phi Beta Sigma wadda Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah suka zama mambobinta, da Alpha Kappa Alpha ta su Kamala Harris. Abin da ya bambanta su shi ne ƙarfinsu yana rassan waɗanda suka gama karatu, waɗanda ke taro a biranen da suke zaune su yi aikin al'umma shekara da shekaru, ta yadda da annoba ta zo hanyoyin sadarwarsu a buɗe suke. Bukatar kuwa ta fi tsanani a wajensu, domin cutar ta kashe baƙar fata fiye da kason da suke da shi a yawan jama'a, ga kuma tsohon rashin yarda da hukumomin lafiya wanda ke da tushe na gaskiya a binciken Tuskegee, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bar ɗaruruwan baƙar fata masu ciwon tunjere ba magani don a ga yadda cutar za ta ci jikinsu. Da aka fara allurar rigakafi a Disambar 2020, mutumin da ke ɗauke da wannan tarihi a zuciya ya fi saurin sauraren likitan da suka yi rantsuwa ɗaya fiye da sanarwar gwamnati, kuma zaman wayar da kai da rassan waɗannan ƙungiyoyi suka riƙa shiryawa ta intanet ya nuna cewa sanar da mamba na iya zama ceton rai. Wannan amana kuwa kaifi biyu gare ta, domin zauren Facebook ko WhatsApp da ke isar da sahihin bayani shi ne ke isar da jita-jita, kuma ƙarya daga bakin ɗan'uwa ta fi shiga, saboda haka shugaban da ya bar maganganun banza game da rigakafi suna yawo a zauren ƙungiya don gudun ɓacin ran wani ya zaɓi zaman lafiyarsa a kan lafiyar mutanensa.

Akwai kuma haƙƙin mamaci. A al'adar Alpha Phi Alpha, wanda ya rasu akan ce ya koma reshen Omega, wato harafin ƙarshe na Girkanci, kuma 'yan'uwansa kan yi masa wani taron bankwana na musamman, amma a watannin farko na annoba jihohi da yawa sun taƙaita masu halartar jana'iza zuwa mutum goma ko makamancin haka. Amurka, wadda ta rasa mutum 500,000 zuwa Fabrairun 2021, adadin ya kuma kai miliyan ɗaya a Mayun 2022, ta binne mutane da yawa ba tare da abokan ƙuruciyarsu sun sani ba. Sanar da rasuwa a kan lokaci, da kiran matar mamaci a yi mata ta'aziyya, da sake kiranta bayan wata uku lokacin da kowa ya watse, suna cikin mafi girman abin da ƙungiya za ta iya yi, da sharaɗin kada a yayata ciwon wani ko sanadin mutuwarsa sai da yardar iyalinsa.

Masu sukar waɗannan ƙungiyoyi na cewa kulob ne na 'ya'yan masu hali da ke gadar wa juna alfarma, kuma akwai gaskiya mai yawa a maganar. Sai dai kaɗaici bai san mai hali ba, kuma a watan Mayun 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa kaɗaici da yankewa daga jama'a sun zama matsalar lafiyar al'umma da ke ƙara haɗarin ciwon zuciya da mutuwa da wuri. A ƙasar da maza da yawa ke tsufa ba su da abokin da za su kira, ƙungiyar da ta riga ta ɗauki alkawarin zama 'yar'uwa har abada ba ta da uzurin yin shiru, kuma cika wannan alkawari shi ne amsa mafi ƙarfi da za ta iya ba masu neman a soke ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023, taruka sun dawo, kuma haɗarin yanzu shi ne a koma gidan jiya a manta da wanda tsufa ko jinya ko nisa suka ci gaba da kulle shi bayan an buɗe wa kowa. Wannan ya shafi ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai na ƙasar Hausa, daga ta Kwalejin Barewa zuwa ta ƙaramar sakandaren ƙauye, domin su ma mafi yawan harkarsu ta koma zauren WhatsApp, inda dattijon da ba ya riƙe babbar waya ya zama kamar ba ya nan. Ya kamata shugabanninsu su gyara rajistar mambobi tun yanzu da ake zaune lafiya, su san wanda ke kwance da wanda ya rasu ya bar marayu, su kuma ɗora wa wasu mutane sanannu alhakin kiran dattawan da suka daina zuwa taro.