Kakuri Bayan An Daina Busa Jiniya

Duk wanda ya zauna Kakuri ko Makera a shekarun 1980 ya san ba a bukatar agogo. Jiniyar masaƙa ce ke tashe mu, ita ce kuma ke sallamar masu aikin dare, har wasu su wuce sujadar safe da ƙurar auduga a kansu.

A 1917 Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, amma masaƙu ne suka cika kudancin kogin da jama'a. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna. Nortex da Arewa da UNTL suka biyo baya, sai Peugeot a 1975 da matatar mai a 1980. Iyayenmu suka taso daga Zonkwa, Kafanchan, Filato da Binuwai neman aiki, kuma da baikonsu aka gina yawancin majami'un da muke sujada a ciki yau.

Faɗuwar ba rana ɗaya ta zo ba. Shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, rini da kayan gyaran injuna suka yi tsada. Wuta ba ta tsayawa, baƙin mai ya yi wuya, ga atamfar Sin ta fasa-ƙwauri a rabin kuɗi. Mu ma, a faɗi gaskiya, mun saye ta, har ankon bikin ikilisiya mun ɗinka da ita. An rufe KTL a 2002, ma'aikata da dama suka rasu suna jiran haƙƙinsu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a gaban injin saƙa Musulmi da Kirista kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa, ƙungiyar ƙwadago ɗaya, kukan albashi ɗaya. Rikicin 2000 ya raba mazaunin garin, kogi ya zama iyaka, sannan wurin da ya rage muna haɗuwa kullum shi ma aka sa masa kwaɗo.

Ba mu ce garin ya mutu ba. Jirgin ƙasa na Abuja ya fara zuwa Rigasa a 2016, an kuma buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Kakuri a 2018. Sai dai tashar sauke kaya ba ta ɗaukar dubban hannaye kamar masaƙa. Jikokin masu saƙa yanzu keke napep suke tuƙawa, wasu ɗinki, wasu cajin waya a bakin titi, kuma ga su muna ganinsu ran Lahadi a benci na baya.