Mawaƙi, Ka Ba Da Haya, Kada Ka Sayar

Akwai wata gardama wadda samarin mawaƙa ke ta yi a zamanin nan. Waɗansu sun ce mawaƙi ba shi da wata sa'a wadda ta wuce kamfanin faifai ya kira shi, ya ajiye masa takarda ya sa hannu, a danƙa masa kuɗi da mota. Waɗansu kuwa sun ce a'a, gara mutum ya ci gashin kansa, ya yi waƙarsa, ya sayar da faifansa da hannunsa. To, ni ba zan ɓoye inda na tsaya ba. Ina bayan masu cin gashin kansu, kuma ina gargaɗin kowane mawaƙi kada ya sa hannu a takardar da za ta raba shi da waƙarsa har abada, kome yawan abin da aka zube masa. Ga dalilaina nan, mai karatu ya auna da kansa.

Da farko ya kamata mu san abin da a ke ciniki a kansa. Dukiya iri biyu ce a cikin kowace waƙa da aka ɗauka. Ta fari ita ce waƙar kanta, watau baitocinta da karinta. Ta biyu ita ce ainihin muryar da aka ɗauka ran da aka shiga ɗakin ɗaukar waƙa, wadda daga jikinta a ke buga sauran duka. Bari mu kira ta uwar faifai. Wanda ya mallaki uwar faifai, shi ke karɓar kuɗi duk sa'ad da aka sayi faifan, ko aka saurare shi ta intanet, ko aka sa shi cikin fim ko talla. Ashe ke nan uwar faifai gona ce, kuɗin da ke shigowa kuwa amfaninta ne. Yawancin kamfanoni ba amfanin shekara guda su ke nema ba, gonar su ke so.

Don a ga yadda abin ya kan kasance, ga labarin wani Bazulu na Afirka ta Kudu, sunansa Solomon Linda. A shekarar 1939 ya shiga ɗakin ɗaukar waƙa na kamfanin Gallo a birnin Johannesburg, shi da 'yan amshinsa, suka rera wata waƙa mai suna Mbube, watau zaki. Kamfanin ya ba shi sule goma, waƙa ta zama tasu. Cikin shekara goma aka sayar da faifan garmaho nata fiye da 100,000, alhali kuwa shi mai waƙar yana aikin shirya faya-fayai cikin kwali a wannan kamfani. Waƙa ta ƙetare teku ta isa Amurka, aka sāke mata suna, aka ƙara mata baitocin Turanci, har a 1961 ta zama ita ce kan gaba a kasuwar waƙoƙin ƙasar duka. Shi kuwa Linda ya mutu a 1962 cikin talauci, har iyalinsa suka kāsa sa dutsen alama a kabarinsa sai bayan shekara 18. A 1994 kamfanin Disney ya sa waƙar cikin fim ɗinsa na zaki wanda duniya duka ta kalla. Sai a 2004 aka shigar da ƙara domin magadansa, aka sasanta a 2006, suka fara samun rabo, shekara 44 bayan mutuwar ubansu. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san wani zai ce, "Ai wannan tsohon zance ne, na lokacin da baƙin mutum ba shi da bakin magana a ƙasarsa." To, mu dawo gida. King Sunny Ade, sarkin kiɗan juju na ƙasar Yarbawa, ya rabu da kamfanin African Songs a 1974 ya kafa nasa, amma rigimar uwayen faya-fayansa na farko ba ta ƙare ba. Sai a 2015 Babbar Kotun Tarayya ta Ikko, watau Legas, ta yanke hukunci a biya shi diyyar Naira miliyan 500. Shekara arba'in mutum yana bin abin da ya fito daga maƙogwaronsa!

In kuma an ce ai mu nan ne a ke yi wa haka, sai mu dubi Taylor Swift, Ba'amurkiya, wadda ke cikin manyan mawaƙan duniya. Ta sa hannu ga kamfanin Big Machine a 2005, tana 'yar shekara 15, ta yi musu kundin waƙoƙi shida. A 2019 aka sayar da kamfanin a kan wajen dala miliyan 300, har da uwayen faya-fayanta, ba da son ranta ba. Daga 2021 zuwa 2023 ta koma ta sāke rera huɗu cikin kundin nan shida, don ta sami nata na kanta, kuma sai a watan Mayu na 2025 ta iya fansar na asalin da kuɗinta. In mai lauyoyi da tarin dukiya ta sha wannan wahala, ina ga yaron da jarinsa duka muryarsa ce?

Abin da ke jan mawaƙa cikin wannan tarko shi ne kuɗin kafin alƙalami. Yaro ya ga dami a tebur, sai ya zaci kyauta ce, alhali kuwa bashi ne. Mu yi lissafi. A ce kamfani ya ba ka Naira miliyan 1, aka rubuta rabonka kashi 20 ne cikin 100 na cinikin faifai. Ba daga cinikin duka za a cire bashin ba, daga rabonka kaɗai za a cire. Watau sai faifanka ya kawo Naira miliyan 5 kafin bashin ya fita, kafin ka ga kwabo ɗaya. A ran nan kamfani ya riga ya mayar da kuɗinsa, ya kuma riƙe miliyan 4, amma uwar faifai tana nan a hannunsa. Sau da yawa ma kuɗin ɗaukar waƙar da na bidiyo duk a kanka a ke rubuta su. Akwai kuma irin yarjejeniyar da ke ba kamfani rabo cikin kome naka, har kuɗin wasan da ka yi a dandali da na tallar da ka yi wa 'yan kasuwa. Manomi ya san wahalar cin bashi da damina a biya da damin hatsi da kaka. Amma shi manomi in ya biya, gonarsa tasa ce. Wane irin bashi ne wannan, wanda za ka biya sarai, sa'an nan mai bin ka ya tafi da gonar?

Waɗansu kan ce, "Ai mawaƙi da ubangida aka san shi tun kaka da kakanni, kamfani kuwa ubangidan zamani ne." Wannan magana da daɗin ji, amma kwatancin bai yi daidai ba. Gaskiya ne Narambaɗa ya zauna ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa, kuma makaɗan fada sun sami doki da riga da hatsi wurin iyayen gidansu. Amma ubangida yabo ya ke saye, ba waƙa ba. Ba a taɓa jin sarkin da ya hana makaɗinsa rera waƙar bakinsa don wai ya saye ta ba, ko ya sayar da ita ga wani sarki. Ga kuma Mamman Shata, wanda bai ɗaure kansa a fada ɗaya ba. Ya yi wa sarki, ya yi wa direba, ya yi wa manomi, sunansa kuwa bai ragu ba har ya rasu a 1999. Ashe cin gashin kai ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Ba zan ƙi gaskiya ba, kamfani yana da amfani. Yana da jari, ya san gidajen rediyo, yana da hanyar kai waƙa ƙasashen da mawaƙi bai taɓa takawa ba. Manyan kamfanoni uku, Universal da Sony da Warner, su ke riƙe da wajen kashi biyu cikin uku na cinikin waƙa na duniya. Shi kansa Sunny Ade ta hannun kamfanin Island ne sunansa ya game Turai da Amurka a 1982. Amma a lura, ya je musu ne yana da sunansa, da jama'arsa, da kamfaninsa. Haka kuma zaman kai ba hutu ba ne: kai ne mai waƙa, kai ne magatakarda, kai ne ɗan talla, ga masu tura waƙarka cikin wayoyin mutane a kasuwa ba su ba ka ko anini. Duk da haka zamani ya sāke. Dā sai kamfani ke da injin buga faifai da motar rarraba shi. Yanzu da kwamfuta a ɗaki guda a ke ɗaukar waƙa, a sa ta a YouTube ko Audiomack ko Spotify, mutumin Kumasi da na Jidda su ji ta ran nan. Abin da ke shigowa ta nan kaɗan ne da fari, amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka shawarata ita ce mawaƙi ya yi haƙuri, ya tara jama'arsa da kansa, har kamfani ya zo nemansa, gama wanda aka zo nema shi ke faɗin kuɗi. Ray Charles, makahon mawaƙin nan na Amurka, haka ya yi. Da ya shahara, a 1959 ya koma kamfanin ABC-Paramount bisa sharaɗin uwayen faya-fayansa za su zama nasa. Makaho ya ga abin da masu ido da yawa ba su gani ba.

In ranar ta zo, ga abu huɗu da za ka riƙe. Na ɗaya, haya za ka bayar, ba sayarwa ba. A rubuta yawan shekarun, da ranar da uwar faifai za ta komo hannunka. Na biyu, baitocinka da sunanka na waƙa kada su shiga cinikin. Na uku, a rubuta kana da ikon duba littafin lissafi, ka ga abin da ya shigo da abin da aka cire. Na huɗu, ka tafi da takardar gida, ka karanta ta a tsanake, ka kai wa lauyanka, ba lauyan kamfani ba. Wanda ya ce lalle sai ka sa hannu yau, ka san akwai abin da ba ya so ka gani gobe.

A ƙarshe ka tuna, bisa dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, haƙƙin uwar faifai shekara 50 ya ke yi, na waƙar kanta kuwa ya kan kai shekara 70 bayan mutuwar mai ita. Watau abin da za ka sa wa hannu ba naka ba ne kai kaɗai, gādon 'ya'yanka ne da jikokinka. Motar da za a ba ka, kafin shekara goma ta zama kwarangwal a bakin gareji, waƙar kuwa tana nan tana haihuwa a gidan wani. Kada ka yi cinikin da jikanka zai je kotu neman warware shi.