DUNIYAR SILIMA: Ghulam Haidar, Malamin Zabiyoyin Indiya Da Pakistan

Masu karatu, duk wanda ya taɓa zama a gidan silima a Kano ko Kaduna ko Jos ya san muryar Lata Mangeshkar, ko da kuwa bai san sunanta ba. Amma da wuya a sami mutum ɗaya cikin ɗari da zai iya faɗin wanda ya fara tsaya mata sa'ad da manya suka ƙi ta. To, a kan wannan mutum za mu yi magana a makon nan, watau Ghulam Haidar.

A wurinmu, irin su Narambaɗa da Shata su ke ƙaga waƙarsu, su ɗora mata kari, su rera da bakinsu. A silimar Indiya da Pakistan kuwa aikin a rarrabe yake. Wani ya rubuta baitoci, wata ta rera a faifai, wata dabam kuma ta motsa leɓe a majigi. A tsakiyarsu akwai shugaban kiɗa, wanda ke ƙaga karin, ya zaɓi makaɗa, ya koya wa zabiya inda za ta ja da inda za ta saki. Shi ne uwar tafiya, amma sunansa kan wuce ne a farkon fim, mutane suna ta neman kujera.

An haifi Haidar a 1908. Ya fara koyon aikin likitan haƙori, daga baya ya watsar ya bi kiɗa. Ƙofa ta buɗe masa a birnin Lahor, a kamfanin Dalsukh Pancholi, inda ya tsara waƙoƙin Gul Bakawali a 1939 cikin harshen Punjabi, wata yarinya ƙarama mai suna Nur Jahan tana cikin masu rerawa. A 1941 sai ga Khazanchi, wanda ya juya al'amarin baki ɗaya. Kafin nan yawancin waƙoƙin fim a hankali suke tafiya, da nauyi irin na kiɗan fada. Haidar ya ɗauko dholak, ganga mai baki biyu da ake bugawa da hannu a bukukuwan ƙauyukan Punjab, ya sa ta gaba, ya haɗa da muryar Shamshad Begum mai kaifi. Talakawa suka ji kiɗan gidajensu a majigi, suka yi ta komawa kallo. Lalle duk wanda ƙafarsa ta taɓa motsi da jin waƙar Indiya, da sauran bashin Haidar a kansa.

A 1942 ya yi Khandan, inda Nur Jahan ta fara fitowa a matsayin babbar tauraruwa, a 1944 kuma ya koma Bombai, wadda yanzu ake kira Mumbai. Can ne ya kai Lata wurin Sashadhar Mukherji domin fim ɗin Shaheed, shi kuwa ya ce muryarta ta cika siranta. Haidar bai ja da baya ba, ya ba ta waƙa a Majboor na 1948. Ita kanta ta sha ambatonsa a matsayin wanda ya fara gaskata da ita, har ta rasu a 2022.

Sai dai rabuwar ƙasa ta 1947 ta riga ta raba kasuwarsa biyu. Pancholi, da yake Hindu ne, ya bar Lahor zuwa Bombai. Haidar kuwa ya bar Bombai ya koma Lahor, inda ya tarar masu kuɗi da ƙwararru sun watse. A ganina nan ne aka yi babbar hasara. Mutumin da furodusoshi ke rububinsa ya koma aiki da ƙarancin makaɗa da kayan ɗaukar sauti, finafinansa irin su Shahida da Beqarar ba su yi tashen na da ba. A daidai wannan lokaci kuwa yarinyar da ya tsaya wa tana mamaye Indiya da kiɗan waɗansu.

Aikinsa na ƙarshe shi ne Gulnar, inda ya sake haɗuwa da Nur Jahan. Fim ɗin ya fito a watan Nuwamba na 1953, cikin watan nan kuma Allah ya yi masa rasuwa a Lahor, yana da shekara 45.