Baƙo Ya Zo Ƙungiya, Wa Ya Matsa Masa Tabarma?

Daga Malamin Gona

Jama'a, cikin watan Satumba na bara na je rangadi wani ƙauye a arewacin ƙasar aikina, na tarar ana taron ƙungiyar gama kai ta manoma a gindin wata tsamiya kusa da kasuwa. Magatakarda ya buɗe littafi ya kira suna 46, mutum 9 suka amsa. Aka karanta abin da aka zartar a taron baya, ba wanda ya ce uffan. Shugaba ya ce ko akwai mai magana, aka yi tsit. Can gefe kuwa ga wani mutum tsugune, ya tuɓe takalmi. Ya yi sallama, aka amsa masa ciki-ciki, ba wanda ya matsa masa tabarma, ba wanda ya tambaye shi daga ina. Aka shafa fatiha aka watse, shi ne na ƙarshen tashi.

Na bi shi muka gaisa. Ashe daga ƙasar Zazzau ya taso da iyalinsa saboda rashin zaman lafiya, mai gari ya ba shi masauki, wani ya ba shi aron gona. Ya ce wannan shi ne zuwansa na uku. Zuwan farko tun da bazara ya yi shi, kafin shuka, da tambaya biyu a bakinsa: ko irin dawar da ya zo da shi zai yi a nan, kuma yaya halin gonar da aka ba shi. Da ya ga masu wuri ma ba sa magana, sai ya haɗiye tambayarsa ya koma gida.

Muka tafi gonar tare. Farafara ce irin ta wajensu, ta yi tsawo ta yi kore, amma ko alamar kai babu, ga shi kuwa saura 'yan kwanaki ruwa ya ɗauke. A gindinta kuma ƙuduji ya yi fure, kunya bayan kunya. Da kaka ta yi, kara ya samu.

Abin da kowa ya sani, ban da shi

Ku duba fa. A wajen Samaru ruwan shekara ya kan haura milimita 1,000, damina kuma ta kan kai wata biyar ko fiye. A wajen Katsina da Daura kuwa galibi bai fi 600 ba, cikin wata uku zuwa huɗu. Dawar da ta saba da doguwar damina ba ta fid da kai sai lokacinta ya yi, ko da an kai ta inda ruwa ke ɗaukewa da wuri. Shi kuma ƙuduji, gindi ɗaya ya kan zubar da 'ya'ya dubbai masu yawa, suna iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran saiwar dawa ko gero ko masara. Tun yana ƙarƙashin ƙasa ya ke shan jinin shuka, in ka gan shi a sarari ya riga ya yi ɓarna. Da bazara kuwa gonar da ke da shi da wadda ba ta da shi duk ɗaya su ke a ido.

Mutanen nan tara, ba ko ɗaya cikinsu da bai san wannan gona ba. Sun san dalilin da ya sa mai ita ya bar ta. Da wani ya buɗe baki ya ce, "Malam, gonar nan akwai ƙuduji, sa mata gyaɗa bana, dawarka kuma ba ta ƙasarmu ba ce, zo in auna maka kwano biyu na tamu," da shi ke nan. Maganar da ba ta kai minti ɗaya ba, rashinta ya ci wa mutum shekara guda da abincin 'ya'yansa.

Ban ce mugunta ce ba. Mutanen kirki ne, na san su. Sun shekara ashirin suna zama a gindin tsamiyar nan, kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai faɗa kafin ya faɗa, don haka magana ta ƙare. Da ma don rabon taki aka kafa ƙungiyar, da takin ya daina zuwa sai ta kwanta. Su a wurinsu shirun nan sabo ne. Amma baƙo bai san haka ba. Shi abin da ya ji cikin shirun shi ne, "Ba mu bukatarka."

Wa ya fi bukatar wani?

Ni ra'ayina, ƙungiyar da ta yi shiru ta fi bukatar baƙo bisa yadda baƙo ya ke bukatarta. Baƙo in bai ji daɗi ba ya ƙara gaba. Ita fa? Dokar ƙungiyoyin gama kai ta Nijeriya ta 1993 ta ce ƙaramar ƙungiya ba ta samun rajista sai da mutum 10. Su kuwa tara suka taru, ƙaraminsu ya ba hamsin baya. Wa zai riƙe littafi bayansu? Wa zai yi musu gayya? Rijiyar da ba a jan ruwanta ai sai ta lalace.

Wannan sha'ani na gama kai kuwa da buɗe ƙofa aka fara shi. A 1844 waɗansu mutum 28 a garin Rocdel na Ingila, da dama cikinsu masaƙa, suka tara fam guda-guda suka buɗe ɗan kanti. Cikin ƙa'idodin da a ke koyi da su daga gare su har yau akwai cewa ƙofa a buɗe ta ke ga duk wanda ya yarda da sharuɗɗa. A ƙasarmu an kafa dokar farko ta irin waɗannan ƙungiyoyi a 1935, a kan wannan turba. Ƙungiyar da ta rufe ƙofa da sakata da wadda ta rufe da shiru, duk rufewa ce.

Mu leƙa rumbunanmu ma mu gani. Masara, rogo, gyaɗa, dankali, tumatir, barkono, dukansu asalinsu daga ƙasashen nahiyar Amurka ne, baƙi suka kawo su hannu da hannu har suka iso mu. Gwandar gida ma kakanninmu gwandar Masar su ke kiranta, don su bambanta ta da gwandar daji. Gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, baƙuwa ce da aka yi wa maraba.

Ga kuma misali na kusa. A 1983 wani ma'aikacin gona mutumin Ostareliya, mai suna Tony Rinaudo, yana aiki a jihar Maraɗi ta Nijar, ya lura 'yan kurarrajin da manoma ke sassabewa kowace bazara tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan ƙasa. Ya ba da shawara a riƙa barin 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran. Da fari dariya aka yi masa. Daga baya manoma da kansu suka ɗauki abin suka gyara shi, har aka ƙiyasta ya game kadada wajen miliyan 5 a Nijar. Kututturan nan kullum 'yan gari na tsallake su. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, gaskiya ne, amma wani abin sabo ke makantar da ɗan gari, sai baƙo ya gan shi.

Masu cewa a yi hattara

Na san abin da dattawa za su ce, don sun faɗa mini. Wani ya ce, "Malam, an taɓa yi mana. Mun sa wani cikin rance, ya karɓi taki ya sayar, gari na wayewa babu shi, mu muka biya." Wani ya ce, "Zamanin nan wa ya san wanda ya shigo? Wani baƙon idon ɓarayi ne." Maganarsu ba ta banza ba ce, wanda ya taɓa biyan bashin da bai ci ba ba a ce masa ya cika tsoro.

Amma a rarrabe abu biyu. Maraba daban, rance daban. Ba wanda ya ce a danƙa wa baƙo mabuɗin asusu ran da ya iso. Gaisuwa, da tabarma, da gaya masa halin ƙasa, ba su rage wa asusu ko kwabo. Game da tsaro kuwa, wane baƙo ne ya fi haɗari, wanda aka san sunansa da garinsu da mai masaukinsa, a ke ganinsa kowane taro, ko wanda aka bari a gefe ba wanda ya san inda ya ke kwana? Kakanninmu fatake sun san maganin wannan tun tuni. Bahaushen da ya sauka Salaga ko Kumasi neman goro, zango ya ke nufa, a haɗa shi da mai gida, shi zai ba shi ɗaki, ya nuna masa kasuwa, ya tsaya masa. Da haka baƙo ya sami kariya, gari kuma ya san wanda ya shigo. Abin da aka yi wa namu a ƙasar wasu, yaya za mu kasa yi wa na wasu a tamu?

Abin da ya kamata a yi

Na farko, kowace ƙungiya ta naɗa mai masauki, kamar yadda ta ke naɗa shugaba da ma'aji. A zaɓi mutum mai sakin fuska. In aka bar abin ga kowa, kowa zai zuba wa ɗan'uwansa ido, yadda mutanen nan tara suka yi.

Na biyu, kada a jira baƙo ya fara magana. Kunya da nauyin baki ba za su bar shi ba. Shugaba ya ambaci sunansa a gaban jama'a, ya tambaye shi me su ke nomawa a wajensu, yaushe su ke shuka, da me su ke ajiyar wake. Tambayar da mutum ya san amsarta ita ke kwance masa harshe. Za ku ga su kansu masu wuri sun fara musu da shi, wannan ya ce mu ba haka mu ke yi ba, wancan ya ce a'a, taro ya farfaɗo.

Na uku, kafin ruwan shuka mai masauki ya taka da shi har gonarsa. Ya nuna masa inda ruwa ke kwanciya, da inda ƙuduji ya ke, da iyakar maƙwabta, da burtali, don kada ya shuka kan hanyar shanu ya jawo wa gari rigima. A gaya masa gaskiyar gonar ko da mai ita na wurin. Ba da aron gonar da ta gaji ba laifi ba ne, ɓoye halinta shi ne laifi.

Na huɗu, a ba shi irin ƙasar, ko da kwano ɗaya, ya biya da kaka. Nasa irin kuma kada a raina shi, a gwada a kunya biyu a gefe a ga abin da zai yi.

Na biyar, a kira shi gayya tun ta farko, a kuma yi masa tasa. A bakin fartanya a ke sanin halin mutum. Rance kuwa sai ya shekara ana ganinsa, ya biya hannun jarinsa, mai unguwa ya san da shi, mutum biyu na gari sun tsaya masa. A faɗa masa wannan sharaɗi a fili tun ran farko, don kada ya zaci ƙyamarsa a ke yi.

Ku akawuna da magatakarda, ku rubuta sunan baƙo da lambar wayarsa tun zuwan farko, ku gaya masa ranar taro na gaba da nawa a ke zubi. In bai zo ba ku aika a ji lafiya. Ku kuma 'yan kasuwa, baƙo bai san mudun kasuwarku ba, bai san farashi ba. Wanda ya cuce shi a kakar farko ya ci ribar buhu ɗaya, ya rasa cinikin shekara goma.

Kai kuma baƙo, ko gudun fitina ya kawo ka, ko ci-rani, ko ka bar aikin ofis ka dawo gona, ko yanzu ka fito makaranta, kada shirun mutane ya kore ka. Fara da gaida mai gari. Ka yi tambaya ko ba a tambaye ka ba, matambayi ba ya ɓata. Kada kuma ka iso da "a wajenmu ba haka a ke yi ba" kafin ka ga damina ɗaya.

Mutumin nan na gindin tsamiya, bayan kaka ya kwashe iyalinsa ya tafi wajen Kadawa neman aikin rani, bai dawo ba. Daga baya na ji ashe gwanin noman albasa ne. Ƙauyen kuwa na da fadama a bayan gari, shekara da shekaru ba wanda ya san abin da zai yi da ita sai kiwon jakai. Da na gaya wa shugaban ƙungiya, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ai bai faɗa ba." Na ce, "Baba, an tambaye shi?"

Bazara na tafe, wani baƙon zai zo ya tsuguna a gefe. A taronku na wannan wata ku naɗa mai masauki, ku kuma zo da tabarma ɗaya fiye da yadda kuka saba. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.