Kada ka hau keken motsa jiki sai ka nemo takardarsa

Yau za mu yi magana a kan wani baƙon kaya da ya fara shiga gidajenmu, wato keken motsa jiki. Keke ne wanda ba ya zuwa ko'ina. Mutum ya hau, ya yi ta tuƙi a tsakar gida har gumi ya keto masa. Akwai kuma na'urar tafiya mai aiki da lantarki, wadda ke da shimfiɗar roba mai gudana, mutum yana takawa a kanta.

Manomin da ke wuni a fadamar Jiratawa ba ya bukatar wannan kaya. Haka ma masuncin tabkin Madarunfa. Aikinsu ya ishe su motsa jiki. Masu sayensa su ne ƴan kasuwar da ke wuni zaune a shago, da ma'aikatan da suka yi ritaya, da waɗanda likita ya ce suna da hawan jini ko ciwon suga. Sabo yana da tsada, saboda haka gwanjo ake saye, wanda aka gama amfani da shi a Turai ko Amurka. Keken yakan iso kasuwar Maraɗi lafiya, amma takardar da ke bayanin yadda ake aiki da shi ta tsaya can.

A ganina, wanda ya sayi na'ura ba takarda, rabin kaya ya saya. Ga dalilina.

A wata cibiyar yaƙi da jahilci da nake zagayawa, akwai wani dattijo mai awon hatsi. Ya sayi na'urar tafiya, ya kai gida, ya jona ta da wuta. Nan take hayaƙi ya tashi. Da muka duba bayanta, sai muka ga an rubuta 120 V. Wannan ƙarfin wutar Amurka ne. Tamu ta Nijar 220 V ce. Abin takaici, dattijon ya iya karanta lambobi sarai. Ba wanda ya taɓa ce masa ya duba.

Asarar kuɗi da sauƙi a kan asarar lafiya. Takardar ce ke faɗin iyakar nauyin da keke zai ɗauka. Ita ke nuna yadda ake daidaita sirdi, don kada gwiwa ta kamu da ciwo. Ita ke faɗin irin man da ake sa wa na'ura, domin baƙin man babur yana lalata shimfiɗar roba. Ita ce kuma ke gargaɗi a kan yara. A shekarar 2021, a Amurka, kamfanin Peloton ya janye na'urorin tafiya kusan 125,000 daga hannun jama'a, bayan ɗaya ta ja wani yaro ɗan shekara 6 ƙarƙashinta ya rasu. Mu kuwa gidajenmu cike suke da yara, kuma a tsakar gida ake ajiye kaya.

To, yaya ake nemo takardar da ta ɓace?

Na ɗaya, ka tambayi mai kaya tun kafin ka biya. In ya ce babu, ka nemi ragi, domin kayan bai cika ba.

Na biyu, ka duba jikin na'urar, a ƙasa ko ta baya kusa da wayar wuta. Za ka ga wani ɗan tambari da aka liƙa. A nan aka rubuta sunan kamfani, da lamba kusa da kalmar "Model" ko "Modèle". Ka kwafe su a littafinka, baƙi bayan baƙi, kada ka tsallake ko ɗaya.

Na uku, ka kai wa mai babbar salula, ko ɗanka ko malamin cibiyarku. Ya rubuta sunan da lambar a intanet, ya ƙara kalmar "manual" ko "notice". Kamfanoni da yawa sun ajiye takardun kayansu a can, kyauta. Ku gwada hoton da ya fito da keken da ke gabanku, ku tabbatar shi ne.

Na huɗu, ka kai wa masu hotokopi su buga maka ita. Abin da ke cikin waya yana iya gogewa, na takarda kuwa yana nan.

Wani zai ce: "Malam, takardar nan da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta ta. Ni Hausa na koya. Me za ta amfana mini?" Tambayar tana kan hanya. Amma lamba ba ta da ƙabila, hoto ma haka. Inda ka ga "Max" da "kg", iyakar nauyi ke nan. In "lb" ka gani, awon Amurka ne: 250 lb kusan kilo 113 ne. Sauran bayani kuwa, ka zauna da wanda ya iya, ya fassara maka, kai kuma ka rubuta muhimman abubuwa da Hausa da hannunka, ka liƙa a bango.

A shekarar 2025 ƙasarmu ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa. Saboda haka ina kira ga masu sayar da irin wannan kaya su riƙa haɗa wa mai saye ƴar takarda guda da Hausa. Ina kira ga malaman cibiyoyi kuma su mai da karanta tambarin na'ura darasi a aji. Darasin zai yi amfani ga injin ban-ruwa da famfon feshi, waɗanda su ma sau da yawa ba takarda suke zuwa mana.

In an nema ba a samu ba, a kiyaye waɗannan. A ɗaure kusoshi da noti kafin a hau. A sa sirdi yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwasa in ƙafa ta kai ƙasa. A cire wayar wuta bayan an gama, a kuma hana yara zuwa kusa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara zuwa gidan likita neman shawara. Wanda ya ji jiri ko ciwon ƙirji ya sauka nan take.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Tafiya da sauri zuwa bakin tabki da dawowa tana biyan wannan bukata, ba ko dala. Amma in ka riga ka sayi keke, kada kunya ta hana ka tambaya. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Karatun da ka sha wahalar koyo, ga ranarsa ta zo.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.