Kada Da'ira Ta Koma Ƙwai

Ɗalibin da ya buɗe darasin lissafi a wayarsa, ya tarar da'ira ta koma siffar ƙwai, bidiyon malami kuma ya tsuke tsakanin baƙaƙen layuka, haƙiƙa an cuce shi. Laifin na mai tsara shafin intanet ne, wanda ya bar faɗin hoto yana raguwa gwargwadon fuskar na'ura, amma ya ƙayyade tsayinsa.

Maganin kuwa lissafin ƙaramar sakandare ne. Yawancin bidiyon yau faɗinsa kashi 16 ne, tsayinsa kashi 9, wato tsayin ya zama kashi 56.25 cikin ɗari na faɗin. Saboda haka bidiyo mai faɗin ɗigo 320 tsayin ɗigo 180 yake bukata. A kan wannan lissafi Thierry Koblentz ya gina dabararsa a 2009. Tun 2021 kuwa, Chrome da Firefox da Safari suna fahimtar umarnin aspect-ratio, wanda layi guda ne kawai.

To, ashe mai tsara shafi ba shi da sauran uzuri. Ya kamata malaman lissafi su kai misalin nan aji, domin yaron da ke tambayar amfanin rabawa ya ga amsa a tafin hannunsa.