Ba a Koyon Ciniki a Kan Allo

Tun zangon karatu na 2007/2008 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta wa ɗalibai darasin sana'a da dogaro da kai. Manufar ba ta da aibu, amma yadda jami'o'inmu ke aiwatar da ita abin takaici ne. Sai a tara ɗaruruwan ɗalibai a zaure guda, a karanto musu ma'anar jari da riba daga littattafan Ingila da Amurka, su haddace, su amayar ranar jarrabawa. Malamin bai taɓa sayar da ko allura ba, ɗalibin kuma ya fita yana neman aikin gwamnati.

Alhali kuwa ga malaman gaskiya nan a Maiduguri. Dillalin banda na kasuwar hanyar Baga ya san yadda kifin Tafkin Chadi ke isa kudancin ƙasar nan bisa amana da bashi. 'Yan Kasuwar Monday sun sha gobarar Fabrairun 2023, suka sha ambaliyar Satumbar 2024, suka sake buɗe rumfunansu. Wane littafi ne zai koya wa ɗalibi tashi bayan karayar jari kamar su?

Za a ce ba su da digiri. To, digirin wa ya gina kasuwar? A shigo da su aji su yi bayani da Hausa da Barbarci. A tura kowane ɗalibi ya yi zango guda yana yaron shago, a auna shi da littafin cinikinsa. Hausawa dai sun ce gani ya kori ji.